Wayar da Aka Kai wa Inna Tamada

Zulai'atu malamar firamare ce a Yelwa. Ita ce 'yar fari a wurin Inna Tamada, mai bandar kifi a Tungar Maje, wani ƙauyen masunta da ke bakin tafki ta wajen Ngaski. Tun da aure ya kawo Zulai'atu gari, ba ta cika ganin uwarta ba sai lokacin hutun makaranta, amma kullum sai sun ji muryar juna. Inna tana da wata ƙaramar waya mai madannai, murfinta ya tsage har an ɗaure shi da roba. Ɗangana, ƙanen Zulai'atu, shi ya saita mata yadda in ta danne lamba biyu ta riƙe, kiran zai tafi kai tsaye wurin 'yarta. Da safe in ta hura wutar banda hayaƙi ya fara tashi, sai ta zauna a kan turmi ta danna.

Ba ta kiran sunan Zulai'atu, saboda kunyar 'yar fari. Malama take ce mata tun ranar da ta samu aikin koyarwa.

"Malama, kun tashi lahiya? Ina mutuniyata?"

Mutuniyar ita ce Mufida, jikarta. Daga nan sai labarin Tunga: ruwa ya ƙaru ko ya ja, an samu kifin warangi ko ba a samu ba, akuyar maƙwabciyarta Delu ta shigo ta cinye mata dusa. Zulai'atu kan maƙale wayar a kafaɗa tana yi wa Mufida wanka, tana amsawa da "to" da "Allah sarki", wani lokacin ma ba ta ji abin da aka ce ba.

Ita Zulai'atu wayar shafawa take riƙe da ita, wadda ta kwana biyu a hannunta. Tana aiki, sai dai ta fara nauyi, kuma kullum tana kukan wuri ya cika. Kafin a ɗauki sabon hoto sai an goge tsoho. Da abokiyar aikinta Malama Mansura ta sayi sabon samfuri, ta ɗauki Mufida hoto har ana ganin gashin idonta ɗaya bayan ɗaya, sai abin ya zauna wa Zulai'atu a rai. Kwasar adashinta ta kusa. Ta kawo maganar wa mijinta Auwal, malamin gona ne a ƙaramar hukuma, wata rana da la'asar yana cin abinci.

"Me wannan ta kasa yi miki?" in ji shi. "Tana kira, tana saƙo, tana hoto."

"Sai na zauna jiranta kafin ta buɗe. Rannan a gaban hedimasta ta ƙame mini."

"Sabuwar ma haka za ta koma nan da baɗi, sannan su fito da wata, ki ce ita kike so. Ni ban ga abin da aka ƙara ba sai idon kyamara."

"Ba don kaina kaɗai ba ne," ta ce. "In na sayi sabuwa, wannan Inna zan kai wa. Mufida ta fara tafiya Inna ba ta gani ba. Sai mu riƙa kiran bidiyo, tana ganinmu muna ganinta."

Auwal ya ajiye cokali. "Inna ce ta ce tana so?"

"Wa zai ƙi ganin jikarsa?"

"Tungar ba wuta, Zulai."

"Akwai mai sola a bakin ruwa, kowa can yake caji."

Ya ce to, ai adashinta ne, Allah ya sa alheri.

Ta sayi wayar. Kuma gaskiya ta yi kyau: ba ta ƙamewa, hotonta fes, sautinta garau. Da aka ba da hutu ta goya Mufida ta shiga jirgin ruwan 'yan kasuwa zuwa Tungar Maje, tsohuwar wayar tana cikin jaka, ta sa an goge ta an yi mata sabon kwando.

Inna ta fito tarbarsu har bakin ruwa, ta karɓi Mufida ta saɓa a kafaɗa, tana yi mata waƙa tana cewa ta yi ƙiba ta manta da kakarta. Sai bayan an ci an sha, rana ta yi sanyi, Zulai'atu ta fito da wayar ta ajiye a cinyar uwarta.

"Taki ce, Inna."

Inna ta ɗauka da hannu biyu kamar an ba ta jariri. Ta juya gaba ta juya baya. "Wagga ai madubi ce. Ina wurin dannawa?"

"Ba a dannawa, shafawa ake yi. Kawo in nuna miki."

Ɗangana ya cire layin Inna daga ƙaramar wayar ya sa a babbar. Zulai'atu ta ɗauki Mufida ta zagaya bayan ɗaki, ta yi kiran bidiyo da sabuwar wayarta. Da fuskar yarinyar ta bayyana a gilashin, Inna ta yi salati, ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ƙwala wa Delu kira ta zo ta ga ikon Allah. Delu ta zo da hannu duk ɓawon kifi, suka haɗa kai suna kallo, Mufida tana dukan wayar uwarta tana ihu. Zulai'atu ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji irinsa ba.

Matsalar ta fito ne wurin koyarwa. Yatsun Inna sun sha wuta da gishiri da ƙayar kifi, fatarsu ta yi kauri ta bushe. In ta shafa gilashin sai ya ƙi motsi, kamar ba a taɓa shi ba. In ta danna da ƙarfi sai wani abu dabam ya buɗe. Zulai'atu ta ce ta riƙa ɗan jiƙa yatsa, ko ta yi da gefen ƙaramin. Aka gwada, wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi. Ta nuna mata koren hoton kira, ta nuna mata inda sunan Malama yake, ta maimaita har Inna ta ce ta gane.

Ranar komawa, Inna ta ɗauko ƙaramar wayarta daga kan gado ta riƙe.

"Wagga ki bar mini ita nan, ko da ɗayar ta yi gardama."

"Inna, in na bar miki ita ba za ki koyi waccan ba. Na san ki. Ina juya baya za ki sa Ɗangana ya mayar miki da layin."

"Awo, haka ne kam," in ji Inna tana murmushi.

"Ga Ɗangana tasa ta faɗa ruwa, kuma tafiya zai yi. A ba shi."

Ɗangana yana shirin bin wasu masunta su haura ta wajen Shanga, inda sukan yi watanni suna su. Ya karɓi wayar yana godiya. Inna ta sakar masa ita. Ta rako su har jirgi, ta ɗora wa Zulai'atu kwandon banda, ta tsaya a bakin ruwa da babbar wayar a hannu har jirgin ya sha kwana.

A makon farko kira ya shigo sau da yawa, don Ɗangana bai tafi ba tukuna. Sun gwada na bidiyo, amma sabis ɗin Tunga ba kullum yake da ƙarfin ɗaukarsa ba. Fuskar Inna sai ta tsaya cak, baki buɗe, muryar ta kakkarye, sannan ya yanke. Suka koma na murya kamar da. Da Ɗangana ya tafi, kiran safe ya fara tsallake kwana. Daga baya sai ya daina zuwa.

Zulai'atu takan kira. Wani lokaci ta yi ta ƙara ba a ɗauka, wani lokaci a ce a kashe take. Ƙaramar wayar a da takan yi kusan mako ba ta nemi caji ba. Wannan kullum sai an kai ta wurin mai sola, ta wuni can, a wuni ba waya. In an yi sa'a kiran ya shigo Inna tana kusa da wani mai sani, sai ya ɗauka ya miƙa mata.

"Inna, kwana biyu shiru. Ko wayar ce ke ba ki wahala?"

"Lahiya lau, Malama. Waya tana nan ƙalau, kowa sha'awarta shikai. Aiki ne ya yi yawa, kihi ya samu."

"To ki riƙa kirana mana."

"Ina kira, ina kira."

Zulai'atu ta ɗauka irin maganar manya ce. A ranta har ta ɗan ji zafi. Ta ce wa Auwal, "Ka ga Inna, tun da na ƙi bar mata waccan wayar take fushi da ni. Ba za ta faɗa ba, amma na sani."

"Ban ga alamar fushi a Inna ba," in ji shi. "Ki sayi ƙarama ki ba direban jirgi ya kai mata. Ai ba wani abu ba ne."

"In na aika ta shi ke nan, an koma gidan jiya. Bari a yi hutu in je da kaina in zauna da ita sosai. Koyo ne kawai."

An shiga jarrabawa, ga gyaran takardu, ga Mufida ta yi haƙori tana zazzaɓi. Sabuwar wayar ma ta cika mata lokaci: zauren malamai, zauren 'yan ajinsu na kwaleji, hotunan biki da suna. Takan tuna da Inna da safe, ta ce in ta dawo daga makaranta za ta kira. Ta dawo ta kira ta ji a kashe, ta ce sai gobe. Ruwa ya cika tafki, ya shanye gonakin albasa na bakin gaɓa, hutu ya matso.

Wata Laraba tana cikin aji baƙuwar lamba ta kira ta. Ta fita baranda ta ɗauka.

"Malama, Delu ce. Wayar direban jirgi na ara." Iska tana kaɗa maganar. "Innarki ba ta da lahiya. Masassara ce da tari, ta kwana biyu. Ta hana a hwaɗa miki, ta ce ita za ta gaya miki da kanta. Yau ba ta tashi ba. Ki taho."

Jirgin Tunga na ranar ya riga ya wuce. Auwal ya samo mata mai ƙaramin jirgi mai inji ya ɗauke ta shata. Ta bar Mufida wurin maƙwabta, ta fito ko mayafin kirki ba ta canza ba.

Ta tarar da bandar ba wuta. Ba ta taɓa ganinta haka ba tun tana yarinya. A ɗaki Inna tana kwance a kan tabarma, Delu tana yi mata fifita. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito, numfashinta yana fita da ƙara. Zulai'atu ta durƙusa ta kama hannunta, hannun zafi zau.

"Inna. Inna, ni ce."

Inna ta buɗe ido a hankali. Ta daɗe tana kallonta kafin ta ce, "Malama. Kin zo."

"Na zo. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na yi ta kiranki."

"Wallahi ban gani ba, Inna. Ko sau ɗaya bai shigo ba."

"Na san ba ki gani ba." Ta yi tari mai tsawo, Delu ta tallafe ta. Da ya lafa ta dubi bayan Zulai'atu. "Ina mutuniyata?"

"Na baro ta gida, sauri nake. Yanzu za mu tafi Yelwa asibiti, za ki gan ta."

Maza suka ɗauko ta a tabarma zuwa bakin ruwa. Aka shimfiɗa mata zane a cikin jirgi, Zulai'atu ta ɗora kan uwarta a cinya, Delu ta zauna wajen ƙafa tana riƙe da lema. Direba ya tayar da inji. Ruwan ya kwanta luf, rana tana dukansa har ido ba ya iya kallo. Zulai'atu tana ta magana, tana cewa Auwal yana jiransu a bakin ruwa da mota, tana cewa Mufida yanzu har gudu take, ta iya cewa "Inna". Ta ga leɓen uwarta yana motsi, ta sunkuya, ta ji kalmar shahada ce. Ta taya ta.

Ba su kai rabin hanya ba Delu ta miƙo hannu ta taɓa ƙafar Inna, ta ɗago ta dubi Zulai'atu, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Direban ya ga fuskokinsu, ya kashe inji. Jirgin ya ci gaba da tafiya shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan ya tsaya. Ba a jin komai sai ruwa yana bugun katako. Can ya ce, "Hajiya, mu ƙarasa ko mu koma?"

Zulai'atu ta rungume kan uwarta. Delu ce ta ce, "Mu koma gida."

An yi jana'iza kafin magariba. Ɗangana bai samu ba. Washegari ya iso, ya tsaya a ƙofar ɗakin uwarsa ya kasa shiga. Auwal ya kawo Mufida, mutanen Yelwa suka yi ta zuwa gaisuwa a jirage. Zulai'atu tana zaune cikin mata tana amsa gaisuwa, hawaye ya ƙi zuwa.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, Delu ta shiga ɗakin Inna ta ɗauko wani kwanon sha mai murfi daga kan jere. Ta buɗe. Wayar tana ciki, an naɗe ta da sabon ɗankwali.

"Nan take aje ta," in ji Delu. "Ba ta bari hayaƙi shi taɓa ta."

A kashe take. Ɗangana ya kai wurin mai sola, ya dawo da ita da hantsi washegari. Zulai'atu ta zauna a bakin gadon Inna ta kunna. So take ta duba jerin kira, ta ga ko da gaske an kira ta. Babu kiran da ya fita tun makon da Ɗangana ya tafi, sai nata kiran da ya shigo, yawancinsa ba a ɗauka ba. Tana shirin ajiyewa sai saƙo ya fito cewa wuri ya cika. Ta yi mamaki, don fayau ta kawo wayar. Ta buɗe wurin hotuna.

Bidiyo ne a jere, ba iyaka. Yawancinsu baƙi ƙirin, wasu jinkar ɗaki, wasu gefen kunne da ɗankwali. Ta taɓa na farko.

Hoton ya yi ta rawa, ya nuna turmi, ya nuna hayaƙi, sannan ya yi duhu, alamar an kai wayar kunne. Sai murya ta fito.

"Malama? Malama, kina jina? Salamu alaikum. Malama?" Shiru, ana jin zakara da ƙarar itace a wuta. "To, ko tana makaranta."

Zulai'atu ta gane abin da ya faru tun kafin ta buɗe na biyu. Wayar tana da wata ɗabi'a da ta sha yi mata ita ma: in aka danna madannin gefe sau biyu, kyamara ce ke buɗewa. Madannin gefen shi kaɗai ne abin da Inna ke iya ji a yatsanta. In kyamara ta buɗe, ga wata babbar da'ira a ƙasa, ita ce mafi sauƙin samu. Sai ta danne ta ta riƙe, kamar yadda ta saba danne lamba biyu, ta kai kunne.

Na farko-farkon duk sallama ce da jira. Daga baya sai Inna ta daina jira.

"Malama, kun tashi lahiya? Ban san ko kina ji ba, amma dai. Ruwa ya kawo har gindin ɗorawa. An samu karfasa jiya, manya, na aje miki guda huɗu masu kyau. Akuyata ta haihu, tagwaye, ɗaya baƙi ɗaya mai roɗi. Na ce mai roɗin na mutuniyata ne. In kun zo ta gani."

A wani tana ba da labarin bikin da aka yi a tungar gaba, da yadda amarya ta ƙi shiga jirgi. A wani faɗa take da Ɗangana da ba ya nan, wai ya tafi bai gyara mata darni ba, sannan ta ce Allah shi tsare shi, ruwan can sama da ƙarfi. A wani ba ta ce komai ba, sai waƙar da take yi wa Mufida, a hankali, tana yi tana juya kifi. Akwai wanda ba ta kai wayar kunne ba, ta riƙe ta a gabanta. Fuskarta ta cika gilashin, haɓa da hanci da ido ɗaya, tana leƙe kamar mai neman wani a cikin rijiya.

"Na ga kaina, ban gan ku ba," ta ce. "Ina kuke ne?"

Nan kukan ya zo wa Zulai'atu. Ta kifa kai a katifar uwarta, wadda har yanzu ƙamshin hayaƙi da man kaɗe ke jikinta, ta yi kukan da bai zo a jirgi ba, bai zo da aka fita da gawa ba. Delu ta shigo da gudu, ta ji muryar ƙawarta tana fita daga wayar, ta dafe bango ta zauna a ƙasa.

"Kullum sai ta yi," in ji Delu bayan an jima. "In na leƙo in gan ta bisa turmi tana magana. In ce, kin same ta? Ta ce, awo, mun gaisa. Ni mi na sani? Ban taɓa riƙe irinta ba."

"Me ya sa ba ta ce a duba mata ba? Ga mai sola, ga direbobi."

"Ta taɓa ba mai sola, ya nuna mata, ta dawo gida ta manta. Ta koma, ya sake nuna mata gaban mutane, aka yi dariya. Ba da mugunta ba, wasa ne. Daga nan ba ta sake tambaya ba." Delu ta share ido da bakin zane. "Kuma ba ta son a ce abin da ɗiyarta ta kawo mata bai yi ba. Duk wanda ya zo gidanga sai ta buɗe kwanon ta nuna mishi."

Ɗangana yana tsaye a ƙofa, ya ji komai. Ya zaro ƙaramar wayar daga aljihu, ya dube ta, ya mayar.

"Yaya," ya ce, "ni na karɓa. Ina tsaye ta ce a bar mata, na miƙa hannu."

"Ni na ce a ba ka."

"Kwana ne ya ƙare, ku bari," in ji Delu. "Ko da waya goma ne hannunta, ranar ba ta wucewa."

Zulai'atu ta san haka ne. Ba mutuwar take jayayya da ita ba. Safiyoyin ne, watanni cur, da uwarta ta zauna tana yi mata magana ita kuma tana Yelwa tana cewa fushi ake da ita.

Ba ta buɗe na ƙarshe-ƙarshen ba. Ta taɓa ɗaya ta ji an fara da tari, ta kashe da sauri.

Bayan sadakar bakwai suka rufe ɗakin. Ɗangana ya ce ba zai koma Shanga ba bana. Bandar aka bar wa Delu, awakin ma ita za ta riƙe. Zulai'atu ta koma Yelwa, ta koma aiki da aka buɗe makaranta. Auwal bai taɓa tuna mata maganar da ya yi ba, ko da wasa. Shi ne ma ya lura cewa tsohuwar wayar ta fara kumbura ta baya, ya ce batirin ya kusa mutuwa, gara a kwashe abin da ke ciki tun wuri. Ya ce ta kawo ya kai kasuwa. Ta ce a'a, tare za su je.

Shagon wani dattijo ne mai gyaran waya, ana ce masa Maikuɗi, a layin masu kayan wuta. Ya karɓi wayar ya jujjuya.

"Hajiya, wannan ai ta gaji. Ki bar ta nan in ba ki wata, sababbi sun shigo makon nan. Ciko kaɗan za ki yi."

"Ba ta sayarwa ba ce," in ji ta. "Abin da ke ciki nake so a kwashe mini. Duka, kada a bar ko ɗaya."

Ya haɗa ta da kwamfuta. Da ya ga jerin baƙaƙen bidiyon sai ya ce, "Waɗannan ai kuskure ne, aljihu ne ya ɗauka. In goge su?" Kafin ta amsa ya taɓa ɗaya don ya tabbatar. Lasifikar shagon a kunne take. Muryar Inna ta cika wurin, ta fita har kan layi, tana cewa an yi ruwa da iska jiya, darni ya faɗi, amma ba komi, kowa lahiya. Wani mai sayen caja ya waiwayo.

Maikuɗi ya dubi Zulai'atu, ya dubi Auwal, ya rage sautin.

"Wace ce?"

"Innata ce," ta ce.

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Ya jawo benci da ƙafa, ya kakkaɓe shi da tsumma. "Ki zauna, Hajiya. Suna da yawa, zai ɗauki lokaci."

Ta zauna. Auwal ya tsaya a gefenta da Mufida a kafaɗa, masu kabu-kabu suna ta wucewa a bakin shagon, suka jira.